Baffana yana so in haska masa tambayoyin gasa

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a garin Bauchi. Lissafi na karanta a jami'a, na gama bautar ƙasa bara. Tun ina sakandare nake shiga gasar kacici-kacici, a jami'a ma ni nake jan tawagar sashenmu, kuma mun ci kofuna. Yanzu na wuce shiga a matsayin ɗan gasa, sai na koma rubuta tambayoyi da tace su. Wata ƙungiyar makarantun sakandare da ke shirya gasa duk shekara ta damƙa min wannan aiki, akwai kuma wani shirin rediyo da nake taimaka wa. Abin da ake ba ni bai wuce kuɗin mota da na kati ba, amma wallahi babu aikin da nake jin daɗinsa kamar wannan. Mahaifina ya ce wasan yara ne, in nemi abin yi. Gidan su yarinyar da nake nema ma sun fara tambayar sana'ata. Ana cikin haka sai baffana ya kira ni. Shi ne ya biya min kuɗin makaranta lokacin da mahaifina ya shiga matsi. Yana da makarantar kuɗi, kuma yaransa suna cikin gasar bana, wadda na riga na gama rubuta tambayoyinta. Ya ce in ɗan haska masa su, shi kuma zai ba ni aikin koyarwa a makarantarsa. Na ce masa zan yi tunani. Malam, in bar harkar gaba ɗaya in huta, ko yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya kafin ka aikata.

Zan fara da maganar baffa, domin ita ce ba ta jiran gobe. Kada ka ba shi tambayoyin nan, ko da guda ɗaya ce. Kada ka ce masa "ku dai duba babi kaza da kaza," kada ka bar takarda a inda ka san za a ɗauka, kada ka tura wa wani don ya tura masa. Duk waɗannan sunansu ɗaya, kuma kai ma ka sani, shi ya sa zuciyarka ta ƙi kwanciya har ka rubuto.

Kai ka taɓa zama a kan kujerar nan, don haka ba sai na yi maka dogon bayani ba. Ka tuna yadda hannu ke rawa a kan ƙararrawa. Yanzu ka kawo a ranka wata yarinya daga makarantar gwamnati ta bayan gari, wadda ta yi makonni tana haddace babban birnin kowace ƙasa da fitilar wayar yayanta, malaminta kuma ya biya musu kuɗin Keke Napep daga aljihunsa don su zo. An karanta tambaya, ta san amsar, ta kai hannu, sai wani yaro ya riga ta da ƙiftawar ido saboda shi tun daren jiya aka faɗa masa. Yarinyar nan ba za ta taɓa sanin an cuce ta ba. Za ta koma gida ne tana ganin ƙwaƙwalwarta ce ba ta kai ba, wataƙila ma ba za ta sake shiga gasa ba har abada. Wannan shi ne abin da za ka sayar, ba takarda ba. Su kuma yaran baffanka, darasin da za su ɗauka ya fi kofin muni: za su gane cewa manyan da suke girmamawa ta bayan gida suke cin nasara. Hadisin da ke cikin Sahihu Muslim a fili yake, wanda ya yi algus ba ya cikinmu, kuma malamai ba su taƙaita shi ga mai sayar da hatsi kaɗai ba.

Ko ta fuskar duniya ma, ramin ƙarya ƙurarre ne. Malaman da ke zaune a zauren gasa ba yara ba ne. Idan ɗalibi ya danna ƙararrawa tun ba a kai inda za a iya gane tambayar ba, ya kuma faɗi amsa daidai, sau ɗaya za a ce sa'a ce, sau uku kuwa za a fara kallon juna. Da an bincika aka ji mai makarantar ƙanin mahaifinka ne, magana ta ƙare. Masu shirya irin waɗannan gasa a Bauchi duk sun san juna, labarin zai riga ka isa Azare da Misau da Gombe. Mai rubuta tambaya ba shi da jarin da ya wuce a yarda cewa ambulan ɗin da ya rufe babu wanda ya leƙa.

To, yaya za ka yi da baffa ba tare da ka ci mutuncinsa ba? Mutumin nan ya yi maka alheri na gaske, kuma ba na so ka ɗauke shi mugu. Mai makarantar kuɗi yana cikin matsi: iyaye suna duba allon talla, suna tambayar wace makaranta ce ta ci kofi kafin su kai 'ya'yansu. Wataƙila a wurinsa abin bai wuce taimakon ɗan'uwa ba. Ka je gidansa da ƙafarka, ba ta waya ba, kuma ka zaɓi lokacin da babu baƙi a zaure. Ka gaishe shi yadda ka saba, ka fara da ambaton abin da ya yi maka, sannan ka ce masa wani abu kamar haka: "Baffa, karatun da ka biya min shi ne ya sa mutanen nan suka amince min. Idan na buɗe ambulan ɗin nan aka gane, sunana da naka da na makarantar duk za su ɓaci tare. Ka yafe min wannan, ka sa ni wani aikin ko wane iri ne." Kada ka yi masa wa'azi, kada ka ja masa aya. Ya girme ka, ya san su. Kada kuma ka ce "zan gani" a karo na biyu, domin jinkirin nan shi yake ɗauka alamar za ka yarda.

Akwai abin da za ka yi a wajen kwamitin gasar kuma, kuma a wannan makon. Ka sanar da su cewa mai ɗaya daga cikin makarantun da ke fafatawa baffanka ne. Iyakar abin da za ka faɗa ke nan. Ba sai ka ce ya roƙe ka komai ba, rufin asirinsa yana wuyanka. Sannan ka kawo musu shawarar da za ta kare ka, ta kare duk wanda zai gaje ka: ka ƙara yawan tambayoyin su ninka abin da ake bukata, ka miƙa su ga wani edita na biyu da ba shi da alaƙa da kowace makaranta, shi ya zaɓa ya rarraba su cikin ambulan-ambulan masu lamba, a rufe a sa hannu, ranar gasa kuma 'yan gasar da kansu su ɗauki lamba a gaban jama'a. Idan kwamitin ya ga ya fi dacewa a ajiye tambayoyinka na bana gaba ɗaya a nemi wasu, ka yarda da fara'a. Zai yi maka zafi, aikin dare da rana ne, amma mutanen nan ba za su manta wanda ya zo da kansa ya faɗa ba.

Wani zai ce maka, to ai sai ka horar da yaran baffa a madadin haka. Bana dai a'a. Tambayoyin suna cikin kanka, ko ba ka yi niyya ba bakinka zai karkata zuwa gare su. Idan an gama gasar, ƙofar taimako a buɗe take: ka kafa masa kulob ɗin kacici-kacici, a lokacin hutu kuma ka koya wa malamansa yadda ake tsara jarrabawar ƙarshen zango, kyauta. Wannan zai amfani makarantarsa fiye da kofin da aka saya. Aikin koyarwar da ya yi maka tayi kuwa, kada ka karɓe shi yana ɗaure da wannan sharaɗi. Idan daga baya ya sake yi maka tayin babu sharaɗi, ka duba, amma ka sani ranar da ka zama malaminsa ka daina rubuta tambayar duk gasar da makarantarsa za ta shiga. Mai horarwa daban, mai tambaya daban. Idan kuma ya yi fushi, ka bar shi ya huce, kada ka fasa zuwa gaishe shi, kada kuma ka kai maganar majalisa. In har sai wani ya ji, mahaifinka ne, shi ma a matsayin neman shawara, ba ƙara ba.

Yanzu ga mahaifin naka. Gaskiya ɗaci gare ta, amma rabin maganarsa daidai ne. Gasar kacici-kacici a ƙasar nan a kan masu ɗaukar nauyi take tsaye, su kuwa suna zuwa suna tafiya. An yi gasar jami'o'in Afirka ta talabijin mai suna Zain Africa Challenge, wadda Jami'ar Ibadan ta lashe a 2009. A 2010 aka sayar wa Airtel harkokin Afirka na kamfanin sadarwa na Zain, mai ɗaukar nauyinta, gasar kuma ba ta ɗore ba. Shirin Who Wants to Be a Millionaire na Najeriya ya fara a 2004, ya yi farin jini sosai, amma ya tsaya a 2017 da mai ɗaukar nauyinsa ya janye, sai bayan shekaru ya dawo. Idan manyan shirye-shirye irin waɗannan suna tsayawa, ina ga gasar ƙungiyar makarantu da ke dogara da karo-karo? Ko a Amurka, inda gasar ɗaliban jami'a ta fara a rediyo tun 1953, kuma akwai kamfani sukutum mai suna NAQT da aka kafa a 1996 don rubuta tambayoyi da shirya gasa, yawancin masu rubutun ɗalibai ne da ma'aikata masu wani aikin daban. Ken Jennings, wanda ya ci wasa 74 a jere a shirin kacici-kacici na talabijin mai suna Jeopardy a 2004, ya yi gasa a jami'a, ya kuma tace wa kamfanin nan tambayoyi, amma abin da yake ci da iyalinsa a lokacin aikin kwamfuta ne. Saboda haka idan mahaifinka ya ce wannan kaɗai ba zai riƙe gida ba, kada ka yi masa gardama.

Inda ban yarda da shi ba shi ne cewa wasan yara ne. Wanda bai taɓa zama ya tace tambaya ba, ba zai san wuyarta ba. Ɗauki wannan, wadda ake yawan ji a gasar makarantu: "Wa ya kafa Gombe?" Wace Gomben? Idan masarauta ake nufi, Buba Yero ne, a zamanin jihadi, kuma mazauninsa Gombe Abba ne. Idan garin da muka sani yau ake nufi, sai a 1919 Turawa suka mayar da hedikwata can. Idan jiha ce, gwamnatin Janar Sani Abacha ce ta cire ta daga Bauchi ranar 1 ga Oktoba, 1996. Yara uku za su iya ba da amsa uku, kowa da hujjarsa, alƙali kuma amsa ɗaya ce a takardarsa. Ko a ce, "A wace shekara aka kafa Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa?" An kafa ta a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, a 1984 aka haɗe ta da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a 1988 ta sake tsayawa da ƙafarta da sunan da take ɗauke da shi yanzu. Wanda ya ce 1980 da wanda ya ce 1988 babu wanda ya yi shirme. Akwai kuma tambayar da ke tsufa a cikin littafi ba a sani ba: jami'ar jiha da ke Gadau yanzu sunan Sa'adu Zungur take ɗauke da shi, wanda ya kwafo tsohuwar tambaya zai hana yaron da ya fi shi sanin halin da ake ciki maki. Yawancin rigimar da ke tashi a zauren gasa, har malamai su miƙe suna ɗaga murya, daga irin wannan take, ba daga son kan alƙali ba. Editan kirki shi ne wanda ke kashe rigimar tun a kan tebur, makonni kafin ranar.

Akwai salon da masu gasar jami'o'in Amurka suke bi, wanda nake so ka gwada a nan. Maimakon gajeriyar tambaya da mai saurin hannu ke cinyewa, sai a rubuta ta da tsawo, a fara da alamar da sai mai zurfin karatu zai gane, a riƙa sauƙaƙawa har a kai wadda kowa ya sani. Ana iya danna ƙararrawa a kowane lokaci, wanda ya katse mai karatu ya yi kuskure a rage masa maki. Misali: wannan mutum ya zama ministan ayyuka a 1952, kafin nan ya je Landan ƙaro ilimin koyarwa a 1945, shi ne ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoban 1960 da aka karɓi Najeriya, hotonsa yana jikin takardar naira biyar, kabarinsa kuma yana nan cikin garin Bauchi. Amsar ita ce Abubakar Tafawa Balewa. Ka ga wanda ya karanta tarihi zai kama tun jimlar farko, wanda bai karanta ba sai ya jira naira biyar. Sabon shiga zai so ya fara da cewa mutumin ya yi Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, alhali ba shi kaɗai ya yi ta a waɗannan shekaru ba, don haka yaron da ya danna ya faɗi sunan wani abokin karatunsa an zalunce shi. Dole kowace alama, musamman ta farko, ta nuna mutum ɗaya tak. Wanda ya iya ganin wannan bambanci yana da ido, kuma ba kowane mai digiri ke da shi ba.

Tambayar ita ce, su wa ke biyan kuɗi don wannan ido? Hukumomin jarrabawa. WAEC tana nan tun 1952, JAMB tun 1978, NECO tun 1999, ga NABTEB, ga hukumomin jihohi masu shirya jarrabawar ƙaramar sakandare. Tun da JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya a 2015, tana bukatar rumbun tambayoyi mai yawa, domin ana zama ne rukuni-rukuni na kwanaki, ba za a ba kowa abu ɗaya ba. Ga makarantu masu shirya jarrabawar gwaji, ga cibiyoyin koyar da masu shirin JAMB, ga masu buga littattafan bita. Amma ka lura da abu ɗaya: hukumomin nan malaman makaranta da na jami'a masu gogewa a darasinsu suke gayyata su rubuta musu tambayoyi su tace. Ba a shiga ta ƙofar kofi, ta ƙofar aji ake shiga.

Shi ya sa shawarata ita ce ka zama malami da gaske, ba don ka rasa abin yi ba. Malamin lissafi ba ya rasa mai nemansa a Bauchi ko Gombe. Tunda digirinka ba na koyarwa ba ne, ka nemi babbar diflomar koyarwa ta PGDE, ko a jami'a ko ta Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda ke da wuraren karatu a jihohi, sannan ka yi rajista da hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wato TRCN. Bayan nan ka sa ido a kan digiri na biyu a fannin auna fahimtar ɗalibai, wanda ake koyarwa a tsangayoyin ilimi. A can za ka tarar abin da kake yi da basira yana da lissafinsa: a jera takardun ɗalibai, a ware kashi 27 cikin 100 na sama da kashi 27 na ƙasa, a duba kowace tambaya. Idan na ƙasa sun fi na sama cin ta, to tambayar ce ke da aibi, ba yaran ba. Kai da ka karanta lissafi, wannan gidanka ne. Koyarwa ita ce gonarka ta damina, tambayoyin gasa kuma lambun rani: ba a barin lambu, amma ba a kansa ake dogara da abincin shekara ba.

Kafin nan, ka gyara yadda kake aikin tun yanzu. Kowace tambaya ka rubuta inda ka samo amsarta, wuri biyu in da hali, da ranar da ka duba. Ranar gasa ka zauna da biro ka rubuta wadda kowa ya ci, wadda babu wanda ya ci, da wadda ta jawo gardama. Ka nemi kwamitin da gidan rediyon su ba ka takardar shaida mai ɗauke da aikin da ka yi, kuma daga baɗi ka faɗi ladan aikinka a rubuce kafin ka fara. Kunya ce ke sa ake sallamar irinku da kuɗin mota. Ka kuma dage da rubuta tambayoyi da Hausa mai kyau, musamman na kimiyya da lissafi, domin mai sauraron rediyo a Darazo ko Dukku yana da haƙƙin a tambaye shi da harshen da yake tunani da shi, kuma masu iya wannan ba su da yawa.

Maganar surukai ba ta da tsawo. Ka faɗa musu gaskiya: kana neman aikin koyarwa, kana kuma tsara tambayoyin gasa da jarrabawa. Kada gaggawar sa rana ta tura ka karɓar abin da za ka riƙa ɓoye wa matarka.

Idan za ka koma wa mahaifinka, kada ka je da kofunan jami'a, ya riga ya gan su. Ka kawo masa misalin da ya sani, wato musabaƙar Alƙur'ani, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke jagoranta a matakin ƙasa tun 1986. Abin da ya sa mutane suka yarda da sakamakonta tun daga ƙaramar hukuma har ƙasa shi ne alƙalai da ƙa'ida, kuma irin wannan hidima kake so ka yi wa karatun boko. Sannan ka ajiye masa takardar neman PGDE da ka cike, da sunayen makarantun da ka kai wa takardar neman aiki, ka roƙe shi ya ba ka shekara biyu ya gani, ya kuma sa maka albarka.